Majalisar Ikilisiyar Ƙauye da Aikinta na Yau da Kullum

Karatu: Ayyukan Manzanni 6:1-7

Gaisuwa ta musamman gare ku dattawan ikilisiya, da ma'aji, da magatakarda, ku da kukan ragu a kan benci bayan an tashi sujada. Kowa ya tafi gida cin tuwo, ku kuwa kuna nan kuna ƙirga canji, kuna ja-in-ja a kan kuɗin kwano. Yau a kan aikinku za mu yi magana. Amma kai da ba dattijo ba, kada ka kashe rediyo, gama abin da ake yi a wannan zama, da baikonka ake yinsa, wani lokaci ma da sunanka.

A wurin da muka karanta, ikilisiyar Urushalima tana girma ƙwarai, sai gunaguni ya tashi. Ku lura, ba a kan koyarwa ya tashi ba, a kan rabon abinci ne. Masu bi Yahudawa da suke jin Helenanci suka ga ana tsallake gwaurayensu a rabon kowace rana. Manzannin nan goma sha biyu ba su tsawata wa masu kukan ba, ba su kuma ce a je a yi haƙuri ba. Suka tara jama'a duka, suka sa jama'ar da kansu su zaɓi mutum bakwai waɗanda aka san halinsu, masu Ruhu da hikima, aka ɗora musu hannu, aka danƙa musu aikin. Ɗaya daga cikinsu shi ne Istifanas, wanda daga baya aka jajjefe shi saboda sunan Yesu. Wani kuma Filibus ne, wanda ya kai bishara Samariya. Irin waɗannan mutane aka sa wa rabon hatsi. Bayan an shirya wannan, Luka ya shaida mana maganar Allah ta yi ta yaɗuwa, har firistoci da yawa suka ba da gaskiya.

Wannan aiki ne majalisar ƙaramar ikilisiya ta gāda. Sunanta ya bambanta daga ɗarika zuwa ɗarika. A ECWA da EYN za ku ji ana cewa LCB, a bisanta akwai LCC, sai DCC, sai babbar majalisa. 'Yan COCIN suna da RCC a tsarinsu. Angilikan kuwa suna cewa PCC. Mu a nan za mu ce da ita majalisar dattawa kawai. A zamanin fari, sa'ad da mishan ta SIM ta shigo a 1893, SUM ta sauka Wase a 1904, 'Yan'uwa kuma suka fara aiki a Garkida a 1923, littafi da akwatin kuɗi suna hannun Bature ne a tashar mishan. Daga baya ikilisiyoyi suka tsaya da ƙafafunsu. ECWA ta kafu a 1954, tarayyar da muke kira TEKAN a yau kuma a 1955. Tun daga nan akwatin ya sauko hannunmu, har ya kai ga manomin da yake ma'aji a ƙauyen da mota ba ta shiga da damina.

Ko a Ingila, a zamanin dā taron ikilisiyar ƙauye ne yake lura da matalauta da gyaran hanya. A hankali gwamnati ta karɓe waɗannan, har dokar 1894 ta kafa majalisar ƙauye ta hukuma dabam da ta ikilisiya. Mu namu kam ba a rage mana ba. In rijiyar burtsatse ta lalace, in iska ta yaye rufin firamare, in mai naƙuda tana bukatar mota da tsakar dare, sau da yawa ƙofar dattawan ikilisiya ake fara bugawa.

Mu da muka shiga kwalejin tauhidi, an koya mana Helenanci, da tarihin ikilisiya, da yadda ake shirya wa'azi, muna kuwa godiya. Amma da muka isa ƙauye muka tarar ikilisiyoyin da muka ga sun tsage, kaɗan ne suka tsage a kan koyarwa. Yawancinsu a kan buhun masara ne da ba wanda ya san inda ya shiga, ko a kan maganar da aka yanke da baki ba a rubuta ba.

Bari mu fara da zaman kansa. A sa masa rana tsayayya, a ce Asabar ta fari a kowane wata, kada kuwa ta faɗa a ranar kasuwa. Da damina a sa shi da yamma, gama ba daidai ba ne a ɗauke manomi daga gona da safe a lokacin noman fari. Zaman da ake yi nan da nan bayan sujadar Lahadi yana da sauƙin tara mutane, amma mun lura mai jin yunwa yakan yarda da kome domin a tashi, sa'an nan ya je gida ya ƙi abin da ya yarda da shi. A buɗe da addu'a da gajeren karatu. Muka ce gajere, fasto kada ya mai da shi wa'azi na biyu. Sai a kira suna. In waɗanda suka zo ba su kai adadin da tsarin mulkin ɗarikarku ya faɗa ba, ana iya tattaunawa, amma kada a yanke kome. Mutum uku su zauna su sayar da hatsin ikilisiya da sunan majalisa, wannan gobara ce aka kunna.

Daga nan sai magatakarda ya karanta minit, wato rubutun abin da aka yanke a zaman da ya wuce. A nan ne dattawa da yawa sukan yi gyangyaɗi, alhali kuwa nan ne ya kamata a kasa kunne. A karanta shi a hankali, da harshen da kowa yake ji. In an rubuta da Turanci saboda ofishin gunduma, a juya shi da Hausa ko da yaren gari, domin tsohon da bai yi boko ba shi ma dattijo ne, kuma sau da yawa shi ne ya fi kowa tuna abin da aka ce. In akwai kuskure a gyara, sa'an nan shugaba da magatakarda su sa hannu da kwanan wata.

Ba kowace magana ake rubutawa ba. Wane ya yi fushi, wane ya buga benci, wannan ba na littafi ba ne. Abin da ake so a gani shi ne abin da aka yanke, da sunan wanda aka ba aikin, da nawa aka yarda a kashe, da ranar da zai kawo rahoto. In aka rubuta “an yarda a gyara taga” aka tsaya nan, to, tagar nan za ta kai kaka tana lilo, domin ba a ɗora wa kowa ba. Ku tuna, sa'ad da manzanni da dattawa suka gama shawara a Urushalima a kan al'ummai, a Ayyukan Manzanni 15, ba su bar maganar a baki ba. Sun rubuta wasiƙa, suka kuma aiki Yahuza da Sila su bi Bulus da Barnaba zuwa Antakiya su tabbatar da ita da baki. Littafin minit ya zama ɗaurarre mai bango, a sa wa shafofinsa lamba. Takardun da aka yayyago daga littafin 'yan makaranta iska ce takan gāje su.

Yanzu mu zo kan kuɗi, a nan kuwa za mu daɗe kaɗan.

A 2 Sarakuna 12, sarki Yowash ya ba firistoci umarni su gyara Haikali da kuɗin da jama'a suke kawowa. Kowane firist yana karɓa a hannunsa. Har shekara ta ashirin da uku ta sarautarsa ba a gyara kome ba. Littafi bai ce sun sata ba. Kuɗin dai yana shiga hannuwa da yawa, ba ya taruwa wuri ɗaya. Sai Yehoyada firist ya ɗauki akwati, ya huda murfinsa, ya ajiye shi kusa da bagade. In ya cika, magatakardan sarki da babban firist su zo tare, su ƙirga, su ɗaure a jaka, su miƙa wa masu lura da aikin. Nan da nan kafintoci da magina suka sami abin aiki. Ezra ma, da zai tashi daga bakin kogin Ahawa da azurfa da zinariyar Haikali, ya auna su a hannun firistoci goma sha biyu. Da suka isa Urushalima, a rana ta huɗu aka sāke aunawa a gaban waɗansu mutum huɗu, aka rubuta nauyin duka. Bulus kuwa, manzo ne sukutum, amma da zai kai gudummawar ikilisiyoyi ga matalautan Urushalima, bai yarda ya riƙe ta shi kaɗai ba. A 2 Korantiyawa 8 ya aiki Titus tare da waɗansu 'yan'uwa biyu, ɗayansu ikilisiyoyi ne da kansu suka zaɓe shi. Dalilin da ya bayar shi ne kada kowa ya sami abin zargi, gama bai isa a ce Allah ya san gaskiyarsa ba, yana so mutane ma su gani.

Wani zai ce, ai a wannan sura ta Sarakuna an ce ba a bi masu aikin da lissafi ba saboda amincinsu. Gaskiya ne. Amma an riga an ƙirga kuɗin a gaban mutum biyu kafin a ba su, bangon da suka gyara kuma yana tsaye kowa yana gani.

To, ga yadda wannan yake a ikilisiyar ƙauye. Baikon Lahadi a ƙirga shi a ranar, a cikin majami'a, mutum biyu ko uku, kada su zama 'yan gida ɗaya. A rubuta baiko dabam, zakka dabam, baikon gini dabam, su sa hannu kafin a miƙa wa ma'aji. Ma'aji yana riƙe kuɗi, magatakardan kuɗi yana riƙe littafi, kada mutum ɗaya ya haɗa biyun. Kome zai fita, sai majalisa ta yarda, a kuma kawo rasit. Mun sani mai sayar da ƙusa a kasuwar ƙauye ba shi da rasit. To, a rubuta a takarda, wanda ya sayo ya sa hannu, wani ya shaida. Mu fastoci kuwa, shawararmu ita ce mu cire hannunmu daga jakar ɗungum. Fasto ya ga littafi, ya yi tambaya, amma kada kuɗin ikilisiya ya kwana a ɗakinsa.

Muna faɗin wannan da nauyin zuciya saboda abin da ya faru a wata ikilisiya da muka yi hidima a cikinta muna sababbin fita daga makaranta. Ma'ajinmu wani tsoho ne mai tsoron Allah, ya fi shekara goma yana riƙe da kuɗi a cikin akwatin ƙarfe. Ba mai ƙirgawa tare da shi, ba kuma littafin kirki, domin kowa ya amince da shi. In wani ya ce a duba lissafi, sai mu ce ai Baba ba ya bukatar bincike. Da lokacin rufin majami'a ya yi, aka buɗe akwati, kuɗin bai kai rabin abin da jama'a suke zato ba. Ba wanda ya ce masa ɓarawo a fuskarsa. Amma aka fara yin shiru in ya iso, matarsa ta daina zuwa Zumuntar Mata, 'ya'yansa suka koma bencin baya, daga nan muka daina ganinsu. Bayan watanni, ɗansa ya kawo mana ƙananan takardu da ya samu a tsakanin shafofin littafin waƙoƙin tsohon. Ashe yana rubutawa iyakar iyawarsa. Rance ne dattawan da kansu suka yi ta karɓa a ɓoye, wannan na takin zamani, wancan na asibiti, kowa yana cewa sai kaka. Shi kuwa kunya ta hana shi tona su. Muka tafi gidansa muka roƙi gafara, ya kuwa yafe. Amma bai ƙara taɓa mabuɗin ikilisiya ba har ya koma ga Ubangiji. Laifin namu ne. Da mun sa mutum biyu suna ƙirgawa tare da shi, ana karanta lissafi kowane wata, da mun tsare masa sunansa.

Saboda haka muke cewa majalisa ta kafa doka tun ba a zo roƙo ba: kuɗin ikilisiya ba na rance ba ne, ko ga dattijo, ko ga fasto. In ɗan'uwa yana cikin matsi, a taimake shi a fili daga asusun taimako, a rubuta shi kyauta. Wannan doka takan huta da ma'aji ƙwarai, domin in surukinsa ya zo da dare, zai ce ba ni na hana ba, majalisa ce.

Ajiya kuma, inda banki yake kusa, a buɗe asusu da sunan ikilisiya, mutum uku masu sa hannu, biyu su isa fitar da kuɗi. Ikilisiyoyin da suke tara takardun kuɗi a akwati sun sha fargaba a farkon 2023. Babban Bankin Nijeriya ya sanar a Oktoba 2022 zai sauya takardun naira 200 da 500 da 1000, aka sa wa tsofaffin wa'adi, sababbin kuma suka yi wuyar samu. Ma'aji da yawa sun kwana a layin banki da kuɗin gini a cikin leda, kafin Kotun Ƙoli ta ce tsofaffin su ci gaba da aiki. Tun daga lokacin mutane suka saba aika baiko ta waya, musamman 'ya'yanmu da suke birni. Abu ne mai kyau, amma ya zo da nasa tarko. In lambar asusun da ake ba su ta fasto ce ko ta ma'aji, to, mun koma zamanin firistocin Yowash, kowa yana karɓa a hannunsa. Abin da ya shigo ta waya ya shiga asusun ikilisiya, a kuma karanta shi a zama kamar yadda ake karanta na faranti.

A ƙauye dukiyar ikilisiya ba takardar kuɗi kaɗai ba ce. Ranar godiyar kaka za ka ga damin dawa, da buhun masara, da wake, da doya, da kaji, har da akuya ɗaure a gindin bishiya. Waɗannan ma baiko ne, a ƙirga su a ranar, a auna da mudu ɗaya sananne, a rubuta. Sai majalisa ta zauna ta raba: nawa ne na gidan fasto, nawa na gwauraye, nawa na baƙin taro, nawa za a ajiye. Kowa ya san hatsi yana araha da kaka, yana kuma tsada a watan Yuli da Agusta sa'ad da rumbuna suka yi ƙasa. Ikilisiyar da ta sayar da kome a Disamba takan sayo shi da tsada in gwauruwa ta zo kuka da damina. Amma ajiya ma tana da sharaɗi. Wake ba ya jiran shawarar dattawa, ƙwari za su riga ku. A sa shi a buhun nan mai leda a ciki wanda iska ba ta shiga, a ɗora a kan katako saboda gara da laima. Ɗakin ajiya ya zama da kwaɗo biyu, mabuɗan a hannun mutum biyu. In za a sayar, a yi shela, a sayar a farashin kasuwar ranar. Dattijo ya saye hatsin ikilisiya da araha a asirce, ko da ya biya, ya riga ya ci amana.

Albashin fasto ko mai bishara magana ce da take mana nauyi a baki, da yake mu abin ya shafa. Amma Nehemiya 13 ya faɗa dominmu. Da Nehemiya ya komo Urushalima ya tarar Lawiyawa da mawaƙa sun watse, kowa ya koma gonarsa, domin an daina ba su rabonsu. Dattawa, in wata uku ya wuce ba ku biya mai bishararku ba, kada ku yi mamaki in kun neme shi ranar Laraba aka ce yana gona. A sa albashinsa da kason da ake aikawa gunduma a gaba da sayen sabuwar lasifika. In kuwa ba hali, a faɗa masa gaskiya, a rubuta bashin, a yi masa gayya a gonarsa. Sa'ad da ake maganar albashinsa, fasto ya fita waje ya ba dattawa wuri.

Akwai wani aiki da majalisu da yawa suke ta ɗagawa daga shekara zuwa shekara, shi ne takardar fili. Yawancin majami'unmu na ƙauye a kan filin kyauta suke. Wani kaka ne ya tuba, ya nuna da hannu ya ce daga tsamiyar nan zuwa wancan dutse na ba Allah. Shaidun sun mutu, tsamiyar ta faɗi. Yau jikansa ya komo daga birni, ya ga hanya ta biyo ta wurin, fili ya yi daraja, sai ya ce kakansa aro ya bayar. Annabi Irmiya ya sayi gona a Anatot daga hannun Hanamel ɗan'uwansa, a lokacin da sojojin Babila suka kewaye Urushalima, shi kansa kuma yana tsare. Ciniki ne tsakanin dangi, duk da haka ya auna shekel goma sha bakwai na azurfa, ya rubuta takarda, ya kira shaidu, ya yi kofi biyu, ɗaya a hatimce ɗaya a buɗe, ya ba Baruk ya sa a tukunyar ƙasa domin su daɗe. Ku duba Irmiya 32. In annabi ya yi haka da ɗan'uwansa, mu ba mu da hujjar jin kunya. Tun masu kyautar ko 'ya'yansu suna da rai, a rubuta takardar kyauta, iyalin su sa hannu, mai unguwa da dagaci su shaida. A kira safiyo ya auna, a kafa turakun siminti, a dasa bi-ni-da-zugu a kan iyaka. Bisa ga dokar filaye ta 1978, ƙasar kowace jiha tana hannun gwamna a matsayin amana, a karkara kuwa ƙaramar hukuma tana da ikon ba da izinin mallaka na gargajiya. A nemi takardar da sunan amintattun ɗarika, kada a sa sunan fasto, gama fasto ana yi masa canjin wuri. Kofi ɗaya ya tafi ofishin gunduma. Mun ga majami'u da aka ƙone a lokacin tashin hankali, takardunsu duka suka tafi tare da su.

Haka nan rajistar baftisma, da ta aure, da ta miƙa yara, da ta waɗanda suka rasu. A cika su a ranar da aka yi abin. Bayan shekara ashirin wani zai zo neman shaidar baftismarsa domin aure a wata ikilisiya, ba wanda zai tuna.

Bari mu koma inda muka fara, wurin gwauraye. Akwai abin lura a sunayen mutum bakwai ɗin nan: dukansu sunayen Helenanci ne, na ƙarshensu ma, Nikolas mutumin Antakiya, ba haifaffen Bayahude ba ne. Wato jama'a sun danƙa rabon a hannun ɓangaren da ya kawo kuka. A ƙauyukanmu ma akwai masu gari, akwai baƙi: malamin makaranta, da ma'aikaciyar asibiti, da wanda ya zo noma, da waɗanda rikici ya koro. A 2014, sa'ad da Boko Haram suka ci Mubi har suka shiga hedkwatar EYN a Kwarhi, iyalai masu yawa sun watsu zuwa ikilisiyoyin da ba su san yarensu ba, haka kuma yake faruwa duk inda aka kai hari aka tashi ƙauye. In dukan dattawa 'yan zuriya ɗaya ne, suna kuma juyawa zuwa yarensu da zarar magana ta yi zafi, gwauruwar baƙo za a tsallake ta ba da mugun nufi ba, don dai ba wanda ya san ƙofarta. A zaɓi baƙo ko ɗaya a cikin majalisa. A kuma rubuta sunayen gwauraye da marayu, kamar yadda ikilisiyar da Timoti yake kiwo take da nata jerin. Bulus ya ce wadda take da 'ya'ya ko jikoki su fara ɗaukar nauyinta, domin abin ikilisiya ya isa ga wadda ba ta da kowa. Wannan jeri kuwa ba za ku iya yinsa daidai ba sai da Zumuntar Mata. Su ne suka san gidan da ba a hura wuta ba jiya. Ko tsarin ɗarikarku bai ba mace kujera a majalisa ba, ba abin da ya hana ku kiran shugabarsu ta kawo rahoto kowane zama, ku kuma saurare ta har ta gama.

Maganar horo ita ce mafi zafi. Ubangiji ya ba mu matakai a Matiyu 18: a fara zuwa wurin mutum shi kaɗai, sa'an nan da shaida ɗaya ko biyu, sai a ƙarshe a kawo gaban ikilisiya. Majalisa kada ta karɓi ƙarar da ba ta bi ta nan ba, kada kuma ta yanke wa mutum hukunci ba ta ji daga bakinsa ba. Abin da ya fi ɓata mana suna shi ne mudu biyu. 'Yar talaka ta yi ciki, a dakatar da ita daga Jibin Ubangiji a gaban jama'a, yaron da ya yi mata kuwa, da yake ɗan dattijo ne, a tura shi birni shiru. Matasa suna gani. In magana ta shafi ɗanka ko surukinka, ka faɗa, ka tashi ka fita har a gama. Wanda aka sa a horo kuma a ba wani dattijo aikin ziyartarsa, a rubuta ranar da za a sāke duba maganarsa, gama mun san waɗanda aka manta da su a bencin baya shekara da shekaru. Abin da aka faɗa a wannan zama ya tsaya a nan. In labarin ya riga dattawa isa bakin rijiya, ba wanda zai ƙara kawo damuwarsa.

Sau ɗaya a shekara majalisa ta tsaya a gaban ikilisiya duka ta karanta abin da ya shigo da abin da ya fita, bayan mutum biyu da ba sa cikin majalisa, ko masu bincike daga gunduma, sun duba littattafan. A rubuta shi a allo da manyan lambobi, a ba da lokacin tambaya. Wanda ya yi tambaya kada a ce da shi mai tayarwa. In wa'adin dattawa ya cika aka yi sabon zaɓe, tsofaffi da sababbi su zauna rana guda da takarda a hannu, su ƙirga benci, da ganguna, da faranti da kofunan Jibi, da buhunan da suke ɗakin ajiya, da littattafai, da mabuɗai, da bashin da ake bin ikilisiya da wanda take bi. Kowa ya sa hannu, kofi ɗaya ya shiga akwati, ɗaya ya tafi gunduma. Kafin a yi addu'ar rufewa, magatakarda ya faɗi ranar zama na gaba da ƙarfi, ya kuma rubuta ta.

Mako mai zuwa, in Ubangiji ya bar mu da rai, za mu ɗauki maganar yadda ake zaɓen dattawa, saboda haka ku karanta 1 Timoti 3 da Titus 1 kafin lokacin. Sai mun sāke saduwa, ku huta lafiya.